Murfin Kwalbar Zuma

Shekara talatin da huɗu ina haɗa waya a cikin jiragen ruwa
a tashar Valparaíso,
inda gishiri ke cin ƙarfe kamar gara,
hannuna bai taɓa rawa ba
sai ranar da na farke cikin motar wasan Maite.

Jikata ce. Shekararta shida.
Hannayenta ba sa jin aike:
ta tura su gabas, su nufi kudu,
yatsun a dunƙule kamar mai ɓoyon alewa.
Kayan wasan da dangi ke kawowa
suna kan kanta a jere, sabbi fil,
kowanne da ɗan maɓalli kamar ƙwayar shinkafa.
Don yatsun wasu yara aka yi su.

Ximena, mai zuwa motsa mata gaɓoɓi ran Talata,
ita ta lura.
"Eliodoro, bar kallon hannu. Dubi haɓarta.
Haɓar nan ba ta saɓa alkawari."

Sai na samo murfin kwalbar zuma,
na shafe shi da ragowar jan fentin ƙofa.
Waya biyu, ɗigon dalma, guntun soso a ƙasa.
Na karya wuyan fitilar karatuna
na ɗaure a jikin kujerarta mai taya
daidai inda haɓa ke sauka.

Na share tebur, na yi mata titi.
Ta danna.
Mota ta yi gurnani, ta miƙe,
ta wuce kwanon burodi, ta wuce kofin shayi,
ta faɗa ƙasa, tim.
Na ce, ayya, ba komai.
Na duƙa, gwiwa na ƙara, na ɗauko.
Ta danna. Tim.
Na ɗauko. Na fara zargin haɗina,
ko wayar ce ke maƙalewa.
A karo na biyar na ɗago kai daga ƙarƙashin tebur
sai ga kafaɗunta na girgiza,
ido ya kawo ruwa, baki har kunne.

Ashe ba motar take tuƙawa ba.
Ni take tuƙawa.

Shekara shida ana ɗaga ta, ana ajiye ta,
ana juya ta, ana goge mata baki,
ana yanke mata lokacin barci.
Yau ta sami wanda za ta ce wa duƙa
ya duƙa.

Gidanmu a kan tudu yake,
matakala ɗari da sha ɗaya daga titi,
amma labari ba ya haki.
Ran Asabar sai ga Amaro da ƙanwarsa Rayén,
kowa da motarsa a hamata.
Suka ja layi da alli a baranda.
Ɗaya, biyu,
kafin a ce uku jar mota ta yi rabin hanya.

"Maguɗi ne!" Amaro ya daka mata tsawa,
jijiyar wuya a miƙe.
Uwarta ta zabura. Na riƙe mata hannu.
Kowa da muryar lallaɓa ƙwai yake mata magana,
likita, limamin coci, mai kawo madara.
Ba wanda ya taɓa ganin ta isa a yi faɗa da ita.
Na tsaya a ƙofar kicin
ina shan rigimar nan kamar romo.

Ta yi fushi. Ta kau da haɓa daga murfin,
ta zuba wa teku ido ta taga.
Suka roƙa, ta ƙi.
Suka ba ta tazarar taku biyu, ta ƙi.
Sai da aka kai uku.
Wannan ma ban san na haɗa shi a cikin wayar ba,
ikon cewa ba na yi.

Yanzu dare ne, ta yi barci.
Fentin tsakiyar murfin ya fara koɗewa,
ɗan tabo mai faɗin haɓa.
Ɗazu na ga tana harar ƙararrawar ƙofa,
uwarta ta ce kada in kuskura.
Na riga na auna tsawon wayar.

Gobe in na sauka gari
zan sayo batir huɗu
da man zafi na gwiwa.